Tsohuwar Ferrari 360 Modena: kundin aiki daga ciniki zuwa hawa titi

12 ga Janairu, 2024

Shawara ta tsaya a kan 360 Modena. An duba 348 da F355, motocin Ferrari da suka gabace ta, aka ajiye su gefe, kuma ba don kyan gani ba, don masu cewa F355 ta fi kyau ba su ƙirguwa. Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, shi ne ya raba gardama. A waɗancan biyun, bisa ƙa'idar kamfani sai an sauke inji ɗungurungum kafin a canza bel. A 360 kuwa akwai murfi a bangon da ke bayan kujeru, da an kwance shi ga gaban inji nan, hannu yana kaiwa daga cikin mota. Aiki ne da zai riƙa dawowa duk shekara uku muddin motar tana hannu, don haka wanda wannan ce Ferrari ɗinsa ta farko kada ya raina wannan bambanci.

An fara fito da motar a 1999, ta ci gaba har F430 ta gaje ta. Kamfanin zanen motoci na Italiya, Pininfarina, ne ya zana jikinta. Injinta V8 ne mai lita 3.6, yana tsakiyar mota a bayan direba, bawul biyar a kowace silinda, ƙarfin doki 400 a juyi 8,500 cikin minti ɗaya. Bodi da ƙashin motar duk alminiyom ne. Giya iri biyu ce: ta hannu mai hawa shida, da wadda ake kira F1. Ita ma F1 ɗin a ciki giyar hannu ce da kulocinta, sai dai kwamfuta da famfon mai ne ke yin aikin ƙafa da hannu, direba kawai ya ja ɗan marfin da ke bayan sitiyari, na dama ya ƙara giya, na hagu ya rage. Mai giyar hannu ta yi ƙaranci kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba, saboda haka F1 ake nema.

Sharuɗɗa uku aka gindaya: takardun sabis masu kwanan wata, ƙashin mota da bai taɓa shan duka ba, da makullai cikakku. Motar tana zuwa da rimot uku, ja ɗaya da baƙaƙe biyu, haɗe da lambar sirri. Wadda ta rage da baƙi ɗaya tal ba ja ba lamba, ranar da wannan ɗayan ya ɓata, har kwamfutar tsaron motar sai an taɓa.

3 ga Fabrairu

Motoci biyu suka kai matakin dubawa. Ta farko 'yar 2002 ce, malejinta ya haura kilomita 68,000, takardunta ba giɓi. Ta biyu 'yar 2001, kilomita 31,000 kacal, amma sabis na ƙarshe da ke rubuce na 2016 ne, daga nan shiru. A takarda ta farko ce abin so, domin motar da ake hawa ana gyara ta, wadda aka ajiye kuwa tana lalacewa ba wanda ya sani.

Na'urar auna kaurin fenti ce ta kayar da ta farko. A kula, irin mai aiki da maganaɗisu ba ta karanta alminiyom, sai wadda aka yi don ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Ko'ina a jikin motar awo yana tsakanin mikron 150 da 200, amma kusurwar gaba ta hagu ta wuce 700. Da aka ɗaga kafet ɗin but ɗin gaba, sai ga walda mai tudu-tudu a kan sandar ƙashi, ba irin ta masana'anta ba. Alminiyom ba ya yarda a miƙe shi da zafi kamar ƙarfe, kuma ba kowane gareji ke da teburin daidaita wannan ƙashi ba. An haƙura da ita.

10 ga Fabrairu

An kai ta biyun garejin da ya san waɗannan motoci, wanda mai saye ya zaɓa, ba mai sayarwa ba. Sayen irin wannan mota ba tare da wannan bincike ba sayen kifi ne a ruwa.

An auna kwamfireshan na silinda takwas da inji a ɗume, tazarar babba da ƙarami ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Sai gwajin zubar iska: a kai fistin ƙololuwa, a cusa iska ta ramin filogi, a ga kashi nawa ke gudu, sannan a kasa kunne. In ta salansa take fita, bawul ɗin hayaƙi ne. In ta bakin shan iska, bawul ɗin shiga. In ta tankin baƙin mai, ringi ne. Duka takwas sun zauna ƙasa da kashi 8. Wannan sakamako ne ya sa aka ci gaba da ciniki, don sauran abubuwan da aka gano duk na roba ne da ruwa da waya.

Kwamfutar bincike ta nuna kuloci ya ci kashi 46. An kuma tambayi dila da lambar casis game da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul a kan kamshaf ɗin hayaƙi. Kamfanin ya yi kiranye ya canza ta a motocin shekarun farko, saboda in ta karye tana tafiya da bawuloli. An tabbatar an yi wa wannan motar.

Abin da aka rubuta a jerin gyara: baƙin mai yana tsattsafowa daga murfin kamshaf na dama, warin fetur a ɗakin inji, boljoyin biyu na gaba suna da wasa, fitilar ƙararrawa a dashbod ba ta mutuwa, maɓallan ciki suna danƙo. Tayoyi zanensu kamar sabo, amma lambar da ke gefensu 2314 ce, wato mako na 23 na 2014. Rimot uku da lambar sirri suna nan. An rage farashi gwargwadon wannan jeri, aka rufe ciniki.

17 ga Fabrairu

A kan motar ɗauka aka kawo ta. Bel mai shekara takwas da taya mai shekara goma ba a gwada sa'a da su, ko da tafiyar minti goma ce.

Batir yana bayan faranti a wurin ƙafar fasinja, makunnin yanke wuta kuma yana but ɗin gaba. An sa sabon batir tare da wayar caja mai kula da shi yayin ajiya. Duk lokacin da aka yanke wuta, kwamfutocin inji biyu, ɗaya ga kowane layin silinda, suna manta abin da suka koya. Bayan an mayar, a tayar da mota a bar ta tana sulo wajen minti goma, ba a taɓa totur ba, ba AC ba rediyo. Wannan sai bayan aikin bel, yanzu ba mai murɗa makulli.

2 zuwa 9 ga Maris

Aikin bel. Ƙa'ida ita ce shekara uku ko mil 30,000, wato wajen kilomita 50,000, duk wanda ya riga zuwa. A irin waɗannan motoci kusan kullum shekarun ne ke riga zuwa. Bel biyu ne, kowane layin silinda da nasa, kuma inji ne da fistin da bawul ke amfani da wuri ɗaya a lokuta daban. Bel ya tsinke ko ya tsallake haƙora, sun haɗu ke nan, bawul ashirin na wannan gefen suna cikin haɗari.

An cire kujeru gaba ɗaya don a sami wurin durƙuso, aka ɗaga kafet, aka kwance murfin bango. Ta ƙasa an sauke farantin da ya rufe cikin motar, sannan aka cire bel-bel na waje masu juya altaneta da famfon ruwa da AC. Da hannu ake juya inji, ta kan notin kiranshaf, har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, a kulle shi a nan.

Makanikai sun rabu biyu a wannan gaɓa. Wasu suna kulle kamshaf yadda suka same shi, su zare tsohon bel su zura sabo. Ya fi sauri, kuma ba laifi in an san wanda ya yi aikin baya ya saita daidai. Wasu kuma suna buɗe murfin kamshaf su auna da agogon awo da faifan digiri. Tun da dama murfin yana yoyo kuma sai an buɗe shi, ga kuma shekaru takwas ba a san hannun da ya taɓa motar ba, hanya ta biyu aka bi. An sami kamshaf ɗin hayaƙi na hagu ya ɗan kauce daga ƙa'idar littafi, aka dawo da shi. Ra'ayinmu shi ne a yi cikakken awo a karon farko da mota ta shigo hannu, daga baya a iya bin gajeriyar hanya.

Tsofaffin bel ɗin a ido lafiya lau, sai da aka lanƙwasa su baya aka ga tsaga ƙanana a gindin haƙora. Na dama ya jiƙe da baƙin mai a gefe ɗaya, kuma mai yana narkar da robar bel. Don haka gasket ɗin murfin kamshaf da sil ɗin bakin kamshaf duk aka canza, in ba haka ba sabon bel ɗin ma zai sha abin da tsohon ya sha. Boris ɗin da ke danne bel, guda biyu, ba a tsaya tunani ba aka canza su. Ɗaya da aka juya a hannu yana ƙarar bushewa, giris ɗinsa ya daskare. Sau da yawa abin da ake kira tsinkewar bel, boris ne ya fara ƙamewa.

Ɗaurin bel ba da yatsa ake gane shi ba. Bayan an saki matsin an juya inji zagaye biyu da hannu, ana kaɗa bel ɗin kamar tsirkiyar baka, na'ura mai makirufo ta karanta amonsa, a wurare biyu a kowane bel, a haɗa a kwatanta da littafin gyara. Ya yi sako-sako zai tsallake haƙora, ya yi tauri zai kashe boris. An ƙara juya inji da hannu aka sake duba alamomi kafin a rufe. Filogi takwas sababbi. Bawul ɗin wannan inji da matsin mai suke daidaita kansu, wannan aiki ɗaya dai an huta da shi.

16 ga Maris

Ruwaye. Wannan inji ba ya tara baƙin mai a ƙasansa, yana da tanki daban, don haka wuraren zubarwa biyu ne, kuma notin zubar da man giya yana nan kusa. A tabbatar da wanda ake kwancewa. Mai 5W-40 na sintetik zalla, wato haɗin sinadari, yana cin lita 9 zuwa 10 tare da filta, amma ba a zuba shi gaba ɗaya. A fara da lita 8, a tayar, a jira ya yi zafi sosai, a auna inji yana sulo, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya auna da inji a kashe zai ga kamar babu mai, ya cika, rarar ta bi tiyon numfashi ta shiga manifol ɗin shan iska, wato bututun da ke raba wa silinda iska, mota ta kama hayaƙi.

Man birki DOT 4 ya yi duhu, an wanke layin duka. Kowane kalifa yana da bakin fitar da iska biyu, na ciki da na waje, kada a manta na cikin.

Ruwan lagireto ne abin fargaba. Akwai wani bututu mai sanyaya man giya da ruwan inji, yana kwance tsakanin layukan silinda biyu, ƙarƙashin manifol. Ruwan da ya tsufa yana rasa sinadarin hana tsatsa, ya ci bututun ta ciki, ruwa da man giya su gauraya. Alamar ita ce kumfa mai ruwan ƙasa a tankin ruwa, ko man giya ya koma fari-fari. Ba a ga ko ɗaya ba, amma ruwan da aka zubar da datti ya fito, kuma giyar da ruwa ya shiga kuɗin gyaranta ya ninka na bututun sau da yawa. An ɗaga manifol aka canza shi, tare da gasket ɗin manifol da tiyoyin da ke ƙarƙashi, waɗanda suka yi tauri har suna ƙara in an matsa. Lagireto biyu ne a hancin mota, inji yana baya, bututun da ke tsakaninsu dogo ne kuma iska tana maƙalewa. Da injin zuƙe iska aka cika ruwan.

30 ga Maris

Warin fetur. Tanki biyu ne, hagu da dama, jimillar lita 95, kowane da famfonsa. Kan famfon roba ce mai tauri, zafin inji na shekara ashirin da ɗoriya ya gasa ta. Da aka buɗe makulli famfo ya tara matsi, sai ga danshi a gindin bakin tiyo na hagu, tsaga siririya da sai an haska tocila ake ganinta. Ga manifol ɗin hayaƙi a kusa. Duka biyun aka canza, da zoben robarsu, don na daman ma shekarunsu ɗaya. Ba a like irin wannan da gam.

13 ga Afrilu

Boljoyin ɗin wannan mota manne suke da gam na musamman a cikin hannun alminiyom. Abin da ke kashe su ruwa ne: robar da ta rufe su ta tsage, danshi ya shiga, ƙwallon ya yi tsatsa ya cinye mazauninsa. A ɗumama hannun a hankali har gam ya saki, a tura tsohon da matsi, a kankare ramin tas, a sa sabon gam, a bar shi ya kama kafin a ɗora nauyi. An sa irin na ƙarfen da ba ya tsatsa, sama da ƙasa, gaba duka biyu, da kan tayirod.

Tayoyi huɗu sababbi, 215/45 ZR18 a gaba, 275/40 ZR18 a baya, notin wili wajen Nm 100 da sifana mai awo. Sai alaimen na ƙafa huɗu. Wajen ɗaga motar, jak ya zauna a wuraren da littafi ya nuna kawai, da roba a kansa. Ƙasan wata 360 in ka leƙa, tabon jak ne birjik.

27 ga Afrilu

Giyar F1. Da an buɗe ƙofar direba ana jin famfo yana kuka na 'yan daƙiƙu, yana tara matsi ke nan. Abin lura shi ne sau nawa yake dawowa in makulli yana buɗe ba a taɓa giya ba. Na wannan motar duk daƙiƙa 40 sai ya tashi. Tulun ajiyar matsi ne ya gaji, iskar naitirojin da ke cikinsa ta zurare da shekaru. Famfon da ke tashi haka ba hutu yana ƙona rile, rile ya narke ya manne, famfo ya yi ta gudu har ya mutu, mota ta tsaya ba giya ko ɗaya. An canza tulun da rile, aka zuba sabon mai, aka fitar da iska ta kwamfuta. Yanzu sai an yi mintuna kafin ya motsa. Rile abu ne mai araha, an ajiye ɗaya a cikin mota.

Game da kashi 46 na kuloci, lissafi ne kwamfuta ke yi daga lambar da makanike ya shigar ranar da aka sa kulocin. In bai shigar da ita daidai ba, abin da allo ya nuna ba abin dogaro ba ne. Takardu sun nuna kulocin asali ne, don haka an yarda da shi. An saita wurin da yake fara kamawa, tashi ya daina fizga.

Tsawon ransa yana hannun direba. A tsaye a danja, a ja marafan biyu tare mota ta koma firi. Kada a riƙe ta a kan tudu da totur. Cunkoso mai jan ciki da ribas a hawa su ne manyan maƙiyansa, don a nan yake ta gogawa bai kama sosai ba.

18 ga Mayu

Ta hau titi. Ba a wuce juyi 4,000 sai agogon zafin baƙin mai ya kai wajen digiri 70. Na ruwa yana riga shi tashi, kada a bi nasa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Washegarin wanke mota fitilar Slow Down ta kama ƙiftawa, inji ko ɗumi bai yi ba. Aikin wannan fitila gargaɗi ne cewa matatar hayaƙi ta yi zafi fiye da kima, galibi saboda wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana ƙonewa a cikin salansa. In ta tsaya cak ba ƙiftawa, kwamfuta tana kashe layin silinda na wannan gefen. Ba fitilar da ake yi wa kunnen ƙashi ba ce. Amma matatar da ba ta yi minti biyu da tashi ba ba za ta yi wannan zafi ba. Ma'aunin zafi na nesa ya nuna gefe biyu daidai, kwamfuta ba ta ga silinda mai tsallake ba. Aka musanya ƙananan akwatunan da ke karanta sensar zafin, na hagu ya koma dama, matsalar ta bi akwati. Ƙaron da ya rufe bayansa ya tsage, ruwa ya shiga. An canza biyun.

8 ga Yuni

Fitilar ƙararrawa: jiniyar tana da 'yan batura a cikinta, sun zubar da ruwa sun cinye allon. Sabuwa aka sa. Maɓallan da ke danƙo kuwa, wani shafi ne mai laushi da ke narkewa da tsufa. Barasar goge kayan lantarki tana cire shi, amma tana tafiya da zanen da ke kan maɓalli, don haka masu zane an aika wa masu sake fenti, marasa zane aka goge. Fatar dashbod ta ɗan ja baya a bakin gilas, an bar ta haka tukuna, ana dai rufe ta daga rana.

5 ga Oktoba

Maleji ya ƙaru da kilomita 2,500. Ƙasan mota a bushe, tankin ruwa tsaf, baƙin mai bai sauka ƙasa da tsakiyar sanda ba, kuloci kashi 48. Tsarin da ake bi shi ne fita duk mako ko biyu, tafiyar da za ta kai mai ya yi zafi sosai. Tayar da ita minti biyar a gareji a kashe ya fi barinta illa, don tururi ne kawai yake taruwa a salansa da cikin mai.

Abu biyu sun fito. Robobin da inji ke zaune a kai sun lotsa, na dama har ya fara tsagewa, ana jin girgiza a kujera in mota tana sulo. Sannan da safe akwai wani ƙas-ƙas daga gefen dama wanda ke ɓacewa in inji ya ɗumama. Gwajin hayaƙi ya nuna tsaga a manifol ɗin salansa, wurin da bututu huɗu suka haɗu. Iskar da ke shiga ta nan tana ruɗa sensar iskar oksijin, kwamfuta ta ƙara fetur, matata ta sha wuya. A galibin motocin kasuwar Amurka abin ya fi haka haɗari, don akwai ƙananan matatu a cikin manifol ɗin kansa, in sun farfashe ɓarɓashin yana iya komawa silinda. Injin da ya sauka daga mazauninsa yana ƙara wa manifol nauyi, don haka tare za a yi aikin biyu: robobin inji biyu, na giya ɗaya, manifol na dama, gasket da notuna sababbi. An yi odar kayan. Kafin su iso an ajiye motar a kan caja, kuma ranar da aka sauke manifol za a leƙa silinda huɗun dama da kyamarar bututu.